Ina Zai Koyi Aikin? Tambayar Da Ya Kamata Ta Riga Zaɓen Kwas

Duk shekara da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, cibiyoyin rajista na Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Zuru sai su cika maƙil da samari da 'yan mata, kowa riƙe da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa da 'yar takardar da ya rubuto sunan kwas a kai. Wanda ya tsaya ya saurari hirar da ake yi a kan waɗannan layuka zai ji cewa yawancin yaran sun zo ne da ɗaya daga cikin sunaye kaɗan, wato likita ko lauya ko injiniya ko akanta, kuma idan aka tambaye su dalili, amsar ba ta wuce cewa shi ne burin Baba, ko kuwa ɗan gidan wane shi ya karanta ga shi yanzu har da mota. Akwai ma waɗanda sai sun zauna a gaban mai kwamfuta sannan suke tambayarsa, "Yaya, wane kwas ne ya fi saurin samuwa?" Shi kuma, da yake layi ya yi tsawo kuma rana tana yi, sai ya zaɓa musu abin da ya zo masa a baki. Da haka ake yanke shawarar da za ta ci shekara 4 ko 5 ko 6 na rayuwar yaro, ta kuma ci buhunan shinkafar mahaifinsa na damina da na rani.

Ni aikina ya sa nake haɗuwa da waɗannan yara a mataki na gaba, lokacin da makarantunsu suka turo su neman sanin makamar aiki, sannan in sake ganin wasunsu bayan sun gama bautar ƙasa suna yawo da takardu a cikin ambulan. Abin da nake gani ya tsayar da ni a kan ra'ayi guda. Kafin a tambayi sunan kwas ko sunan jami'a, a fara tambaya a ina yaron zai taɓa aikin da hannunsa tun yana ɗalibi, wa zai koya masa, kuma ko gidansu zai iya ɗaukar nauyin zuwansa can. Zaɓen kwas ba tare da wannan tambaya ba daidai yake da sayen gonar fadama ba a je an ga ko ruwa yana kaiwa ba.

Bari in fara da kwasa-kwasan da kowa yake rububi, domin su doka ta riga ta ɗaure su da aikin hannu ta yadda ɗalibi ba shi da hanyar zillewa. Mai karatun likita yana yin shekara 6, kuma kusan rabinsu a asibitin koyarwa yake yin su, yana bin manyan likitoci daga gado zuwa gado. Bayan ya gama kuma sai ya ƙara shekara guda yana aiki a ƙarƙashin kulawarsu kafin majalisar likitoci ta ƙasa ta ba shi cikakken lasisi. Mai harhaɗa magunguna da mai digirin jinya da mai ilimin ɗakin gwaje-gwaje, kowannensu yana da tasa shekarar horon bayan kammalawa. Mai karatun shari'a yana yin shekara 5, sannan ya wuce makarantar horar da lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda ta jihar Kano, daga can kuma a tura shi kotu da ofishin wani lauya ya zauna ya ga yadda ake yi. Darajar waɗannan kwasa-kwasai daga wannan tsari ta samo asali, domin mai ɗaukar aiki ya san cewa duk wanda ya zo masa da lasisi ya riga ya taɓa aikin a gaban waɗanda suka fi shi sani.

Sai dai ƙofarsu ƙarama ce. Majalisun da ke kula da su suna ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta, saboda haka dubbai suke nema, kaɗan suke samu, sauran kuma a ba su wani kwas da ba su taɓa tunaninsa ba. Wani ya ƙi karɓa, ya zauna gida yana sake rubuta jarrabawa shekara bayan shekara. Wani ya karɓa da ɓacin rai, ya yi ta karatun da zuciyarsa ba ta ciki yana jiran canjin kwas da ba ya zuwa. Shekaru kuwa suna da lissafi a ƙasar nan. Yajin aikin malaman jami'a ya cinye kusan wata 9 a 2020, ya sake cinye wata 8 a 2022; wanda ya kammala digiri bayan ya haura shekara 30, takardar ɗauke masa bautar ƙasa ake ba shi; bankuna da manyan kamfanoni da dama kuma suna sanya iyakar shekaru ga sabbin ma'aikata. Yaron da ya gama sakandare a makare, kamar yadda yaran ƙauyukanmu da yawa suke yi, ba shi da rarar shekarun da zai zubar yana jiran gurbin likita, alhali ga aikin jinya, ga na ungozoma, ga na lafiyar al'umma, waɗanda duk suna da lasisi da horo a asibiti, kuma asibitocin karkara tun daga Dandi har Sakaba suna buƙatar masu su.

Abu guda da nake roƙon iyaye su bincika da kansu shi ne amincewar hukuma. Bai isa a ce jami'a tana koyar da kwas ba, sai hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da shi, sannan idan sana'a ce mai lasisi sai ita ma majalisar sana'ar ta amince, kamar COREN ga injiniyoyi. Kwalejojin fasaha kuwa hukumar NBTE da ke Kaduna ce take duba su. Wannan ya fi shafarmu saboda manyan makarantunmu da yawa sabbi ne: jami'ar jiha da ke Aliero a 2006 aka kafa ta, jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau a 2013, ta aikin gona da ke Zuru kuwa duk ta fi su ƙuruciya. Sabunta ba aibu ba ce, sau da yawa ma sabuwar makaranta ta fi ƙarancin cunkoso kuma ta fi kusa da gida, amma sashe-sashe ake samun amincewa, don haka a tambayi halin da ainihin kwas ɗin yake ciki. Wanda ya fi dacewa a tambaya shi ne ɗalibin ajin ƙarshe, domin ba shi da dalilin ɓoye wa ƙaninsa gaskiya.

Mafi yawan 'ya'yanmu dai ba waɗancan kwasa-kwasai masu lasisi za su karanta ba. Karatun injiniya ne, ko aikin gona, ko kimiyyar kwamfuta, ko ta sinadarai, ko zanen gine-gine da aikin safiyo, kuma su abin da suke da shi shi ne shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da ma'aikatu, wanda ɗalibai suka fi sani da IT. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa take Jos, shi ya ɓullo da shirin a 1973, saboda masu masana'antu na wancan zamani sun koka cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma ba su san inji ba. Ɗalibin jami'a yakan yi wata 6, galibi a aji 3 ko aji 4, na kwalejin fasaha kuma wata 4 a cikin karatun ƙaramar difloma. Ana ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu duk mako, malami ya zo daga makaranta ya duba shi, idan ya koma kuma ya rubuta rahoto ya kare shi a gaban malamai. A rubuce, tsari ne da ba shi da makusa.

Wurin aikinmu harkar injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse muke yi, kuma kusan kowace shekara muna karɓar ɗalibai. Wata rana da yamma wani saurayi da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo littafinsa da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, Kawu ne ya ce in kawo maka ka sa mini hannu da hatimi." Na buɗe littafin. An cike shi tun daga makon farko har na ƙarshe, da biro ɗaya, da rubutu mai tsabta wanda ko ɗigon baƙin mai babu a kansa, kuma a ciki ya kwance injina ya ɗaura, ya ciro famfo daga cikin rijiya ya gyara, ya haɗa farantan sola. Sai na ja shi bakin shago inda wani injin ban ruwa yake ajiye, na ce ya nuna mini abin da zai fara dubawa idan manomi ya ce injinsa yana tashi amma ba ya jan ruwa. Yaron da ya yi ko mako guda a wurinmu ya san cewa za a fara da duba ko an cika kan famfon da ruwa, sannan a bi tiyon da ke zuƙowa a ga ko yana shan iska. Shi kuwa ya tsaya yana kallon injin, can ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba, ban taɓa zuwa ba, a gida na zauna." Ban sa hannun ba, na ce ya dawo ya yi abin da ya rage na lokacinsa tare da mu, kuma ya dawo ɗin. Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne babban mutum ne ya turo shi, kuma har zuciyarsa yana ganin taimakon ɗan 'yar'uwarsa ya yi.

Wannan ɗabi'a ta yi yawa a tsakaninmu, kuma asarar da ke cikinta ta fi yadda muke zato. Watannin nan su ne kaɗai lokacin da ɗalibi zai shiga wurin aiki ya yi kuskure a gyara masa ba tare da an kore shi ko an yanke masa albashi ba, ya gane ko sana'ar ta dace da shi tun da sauran lokacin gyara, ya kuma sa wani da ke cikin sana'ar ya san sunansa da fuskarsa. Amma ba zan ɗora wa yara da iyayensu laifin duka ba. Ofisoshi da yawa suna karɓar ɗalibi su mayar da shi ɗan aike, daga sayo abinci sai kai takarda wurin kwafi, har wata 6 su ƙare ba a ba shi ko sifana ya riƙe ba. Wasu makarantun kuma sai su ba yaro wasiƙa su sake shi ya nemi wuri da kansa, malamin da ya kamata ya zo dubawa ya wadatu da bugo waya. Alawus ɗin shirin ɗan kaɗan ne, ba ya isa kuɗin abin hawa. Yaron da ya je mako biyu ya ga zaman banza ake yi, kuma kullum sai ya roƙi kuɗin mashin a gida, ba abin mamaki ba ne idan ya daina zuwa.

Shi ya sa duk wanda ya ɗauki abin da gaske ba na mantawa da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da yawa a fadamun Argungu da Suru suka fara neman famfo mai aiki da hasken rana, domin kuɗin mai ya fi ƙarfin gonar. Wata ɗaliba da aka turo mana daga kwalejin fasaha ta nace sai ta bi mu gona, da hijabinta da takalmin roba, tana riƙe da mita da ɗan littafi. Ta koyi auna zurfin ruwa, ta koyi lissafin farantai nawa famfo yake buƙata, ta kuma koyi abin da ba a koyarwa a aji, wato yadda za a gaya wa dattijon manomi cewa kayan da ya sayo a kasuwa ba za su ɗauki gonarsa ba, ba tare da an kunyata shi a gaban 'ya'yansa ba. Ba mu da gurbin ɗaukarta aiki, amma ranar da wani mai sayar da kayan sola ya tambaye ni ko na san wanda zai riƙa yi masa lissafin haɗa kaya, ban yi dogon tunani ba. Wasiƙar da na rubuta mata abin da na gani da idona ne a ciki, kuma mai karatu yana gane bambancin irinta da wadda ake rubuta wa ɗan aboki don kunya.

To ina wuraren suke? Kebbi da Zamfara ba jihohin masana'antu ba ne kamar Kano ko Legas, amma ba a ce babu komai ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin babban bankin ƙasa na ba manoma rance a nan Kebbi a watan Nuwamban 2015, harkar shinkafa ta bunƙasa. Kamfanin WACOT ya buɗe masana'antarsa ta sarrafa shinkafa a Argungu a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injinan casa a garuruwa da dama. Wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba zai ɗauka aikin manoma da 'yan dako ne kawai. Alhali tun daga bakin ƙofa akwai mai auna danshin shanshera, domin idan ya wuce kusan kashi 14 cikin 100 ba ta ajiyuwa lafiya. A ciki akwai tukunyar tururi da injinan busarwa da na tantance ƙwaya, waɗanda ba sa tafiya sai da injiniyan inji da na lantarki. Akwai ɗakin gwajin inganci da ke buƙatar mai ilimin sinadarai ko kimiyyar abinci. Akwai akanta da mai kula da sito. Akwai kuma malamin gona da ke bin manoman da suke kawo kaya. Albasar Aliero tana jiran wanda ya san ilimin ajiya, kifin Yauri haka, dabbobinmu kuma suna jiran likitocin dabbobi irin waɗanda Jami'ar Usmanu Danfodiyo take yayewa a Sakkwato, inda kamfanin siminti ma yake. A Zamfara akwai madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talata Mafara, akwai kuma haƙar zinare, wadda gubar dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ta nuna irin buƙatar da take da ita ga masana ma'adinai da lafiyar muhalli. Kada a manta kuma Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, saboda haka yaron da ya haɗa ilimin kasuwanci da Faransanci yana da abin da ake nema a Kamba.

Yaron da ya ce shi injiniyan man fetur yake son zama, ba zan hana shi ba, kuma ba na son mu raina wa 'ya'yanmu buri. Amma ya zauna da mahaifinsa su yi lissafi tun yanzu, domin horonsa na gaske yana Fatakwal ko Warri ko Legas. Wa zai saukar da shi wata 6, wa zai ciyar da shi, kuma wa zai buɗe masa ƙofar kamfanin? Ga kuma halin da wasu hanyoyinmu suke ciki, wanda duk mai ɗa ya san abin da zuciyarsa take yi ranar da ɗan ya hau motar Gusau zuwa Funtuwa. Idan akwai amsa, Allah ya ba da sa'a. Idan babu, gara ya karanta ilimin inji ko na lantarki, ya koyi aikin a inda ƙafarsa za ta kai, domin kamfanonin mai ɗin ma irin waɗannan injiniyoyi suna cikin waɗanda suke ɗauka.

Wannan ma'auni ne ya sa nake kallon kwalejojin fasaha da mutunci fiye da yadda jama'a suke kallonsu. Ɗalibin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko na Dakingari, ko na Ƙauran Namoda, ko na Abdu Gusau a Talata Mafara, yana gama ƙaramar difloma a shekara 2, sannan ƙa'ida ta ce ya yi shekara guda yana aiki kafin ya dawo babbar difloma ta wasu shekara 2. Idan an yi wannan shekara da gaske, ba a sayo takardarta ba, to ya fi takwaransa na jami'a daɗewa a bakin aiki. A tsakiyar tafiya kuma yana da takardar da zai iya neman abinci da ita idan mahaifi ya rasu ko gona ta ƙi, abin da ɗalibin jami'a da ya tsaya a aji 3 ba shi da shi, kuma wanda ya fito da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji 2. Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Bambancin da ake nunawa tsakanin mai digiri da mai babbar difloma a aikin gwamnati, musamman wajen ƙarin girma, tsohon ciwo ne. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa na lokacin ba. Wanda burinsa ya kai muƙamin darakta a ma'aikata, ya nemi digiri ko ya shirya ƙara karatu daga baya. Wanda kuwa burinsa ya buɗe nasa wurin, ya sani manomin da injinsa ya tsaya a tsakiyar rani ba ya tambayar takarda.

Kwalejojin ilimi ma haka ne, irin su Adamu Augie a Argungu, da ta Maru, da ta tarayya da ke Gusau mai horar da mata. Shekara 3 ne, da koyarwar gwaji a gaban ɗalibai na gaske. Masu digiri da yawa da suka raina koyarwa a aji suke ƙarewa ba tare da an taɓa koya musu riƙe aji ba, sai daga baya su koma neman diflomar ilimi da rajistar hukumar malamai.

Sai kuma kwasa-kwasan da shirin SIWES bai cika shafa ba, irin su tarihi da kimiyyar siyasa da zamantakewa da Hausa da Larabci da nazarin addinin Musulunci. Ba na cikin masu raina su, kuma ƙasar da Malam Abdullahin Gwandu ya zauna ya yi rubuce-rubucensa ba ta da bakin raina ilimin harshe da shari'a da tarihi. Amma mai karanta su ya sani tun daga aji 1 cewa babu wanda zai ba shi wasiƙa ya ce je ka koyi aiki, shi zai nema wa kansa. Hutun ƙarshen zango kada ya ƙare a majalisar shayi. Ya je gidan rediyo ya roƙi a bar shi ya riƙa taimakawa a ɗakin labarai ko da kyauta, ya koyar a makarantar unguwarsu, ya shiga aikin tattara bayanai da ƙungiyoyin lafiya da na agaji suke ɗaukar matasa a kai, ya gwada fassara tsakanin Hausa da Turanci har hannunsa ya faɗa, ya kuma iya manhajar lissafi ta Excel sosai ba da baki ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ma, duk da yana da IT, wannan maganar ta shafe shi, domin wanda ya gama shekara 4 bai mallaki kwamfuta ba kuma bai gina ko ƙaramar manhaja da zai nuna ba, takardarsa ba za ta yi masa magana ba. Kuɗin kwamfutar a sa shi cikin lissafi tun ranar da aka zaɓi kwas ɗin.

Maganar 'ya'ya mata tana buƙatar a faɗe ta a fili. Iyaye da yawa da suka amince 'yarsu ta yi karatu a Aliero ko Kalgo, inda jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi take, saboda kusa ne kuma akwai ɗakin kwanan ɗalibai, ba za su amince ta tafi Kaduna ta zauna gidan haya wata 6 ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai abin da ke biyo baya shi ne a kai littafinta wani ofishi a buga masa hatimi, ta fito da digirin da ba ta taɓa aikinsa ba. Gara tun farko a zaɓi kwas da wurin horonsa yake cikin gari, ko a garin da take da gwaggo ko yaya da za ta zauna a hannunta. Aure kuma yakan zo a tsakiyar karatu, don haka a yi maganar da mijin tun kafin a ɗaura, har da watannin horo da aikin dare idan fannin lafiya ne. Dukkanmu muna son matanmu su ga likita mace da ungozoma idan sun je asibiti, kuma hakan ba zai samu ba sai wasu gidaje sun yarda 'ya'yansu sun kwana a asibiti suna koyo.

Ta fuskar kuɗi an samu ɗan sauƙi. A watan Afrilun 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar ba ɗalibai rance, kuma asusun NELFUND yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, ya kuma ba ɗalibin da ya nema naira 20,000 duk wata. Babu kuɗin ruwa a kai, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Rashin kuɗin ruwan ya cire wa da yawa daga cikinmu damuwa ta addini. Amma bashi ne, kuma wanda zai ci bashi don karatu ya fi kowa buƙatar sanin aikin da zai biya shi da shi. Bautar ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1973 zamanin Janar Gowon kuma alawus ɗinta ya kai naira 77,000 a 2025, kada a dogara da ita ta cike giɓin da aka bari. Bayan mako 3 a sansani, mafi yawa makarantu ake tura su koyarwa ko me suka karanta. Wanda ya riga ya iya wani abu ne yake samun ma'aikatar da za ta rubuta takarda ta ce shi take so a ba ta.

Na san abin da wasu za su ce, domin na sha jinsa daga bakin ɗalibai kansu: duk wannan lissafi ɓata lokaci ne, aiki a ƙasar nan sai da ƙafa, kuma wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ba zan musa ba, musamman a aikin gwamnati. Amma wannan magana ita ce ma babbar hujjata. Ɗan mai hali yana iya kwana a gida wata 6 a buga masa hatimi, domin akwai wanda zai ɗaga waya a kansa ranar da ya gama. Ɗan manomi daga Bunza ko Maru ba shi da wannan gata, kuma watannin horo su ne kaɗai hanyar da zai samu wani babba a cikin sana'a da zai tsaya masa saboda ya ga aikinsa. Idan ya yi koyi da ɗan mai hali ya zubar da su, ya zubar da abu ɗaya da yake hannunsa.

Saura mu masu wuraren aiki da hukumomi. Da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jiha za ta tara kamfanonin shinkafa da asibitoci da hukumar ruwa da gidajen rediyo da bankuna da manyan garejoji, kowa ya faɗi ɗalibi nawa zai iya ɗauka a shekara da sunan wanda zai koya musu, sannan a aika jerin zuwa kowace sakandare kafin a buɗe sayar da fom, da yaro da mahaifinsa sun samu abin dubawa lokacin zaɓe. Wannan ba ya buƙatar gini ko kwangila. Mu a namu ɗan wurin mun tsayar cewa ba ma karɓar ɗalibai fiye da yawan injinan da za mu iya ba su su kwance, kuma ranar Alhamis ake sa hannu a littafi, a bakin shago, bayan ɗalibi ya nuna da hannunsa abin da ya rubuta cewa ya yi a makon.